Bin Sawun Askar Bahago Zuwa Yoyo

TALATA: NEW BELL ZUWA EDEA

Ƙarfe biyar saura kwata na asubahin Talata na fito daga gidanmu da ke unguwar New Bell a Douala, zabira a kafaɗa, katin shaida a aljihun gaba inda hannu zai kai da sauri. Inna na zaune a kan buzunta tana jan carbi. Na durƙusa na ce mata kaciya aka kira ni Edea, kwana biyu zan yi. Ta ce, "Allah ya tsare, Garba," ko ɗago kai ba ta yi ba. Shekarata hamsin da huɗu, ban saba yi wa matar nan ƙarya ba, amma ran nan na yi, kuma bari in faɗa muku dalili kafin mu hau mota.

Mu wanzamai ne, gado tun daga kakanmu da ya biyo fatake ya gangaro Douala zamanin Jamusawa. Mu biyu Baba ya koya wa aska, ni da ƙanena Sabo. Sabo bahago ne. Baba ya yi dukan duniya ya mai da askar hannun dama, ya gaji ya ƙyale shi. Bayan rasuwar matarsa sai Sabo ya koma wajen Kumba yana aski da ƙaho a kasuwa. Da rikicin yankin masu Turanci ya yi zafi, wata rana wayarsa ta daina shiga, shi ke nan, shekara biyu da wata huɗu ba labari. Sau biyu dattawan unguwa na zuwa su ce a yi masa addu'a a raba sadaka. Inna ta ce duk wanda ya kawo mata gero da sunan sadakar Sabo ya koma da abinsa. Amma a gabanmu ƙarfinta ke ƙarewa, abinci sai an yi da gaske take kai loma uku.

To ranar Asabar ina yi wa 'yan albasa aski a kasuwar Sandaga, sai wani ɗan dako ya tuɓe riga a bayan rumfa yana watsa ruwa. Na ga bayansa, saura kaɗan in yanke kunnen wanda nake yi wa aski. Sawun ƙaho huɗu ne sababbi, kowanne da tsaga bakwai irin ta gidanmu, shida gajeru, ɗaya doguwa a tsakiya. Kuma duk sun karkace ta ɓangaren da hannun dama ba ya bi. Na tambaye shi wa ya yi masa. Ya ce, "Wani Magida ne a Yoyo, can bakin teku. Ba ya magana, ba shi da waya." Magida, haka mutanen kudu ke kiran kowane ɗan arewa. Ban gaya wa Inna ba, don in na ɗaga mata rai na dawo hannu biyu, ni na kashe ta.

Ɗan bensikin, wato mai babur, ya sauke ni tasha ƙarfe biyar da minti goma. Na yi sallar asuba a kan kwali a gefen mai shayi. Kuɗin mota zuwa Edea jaka ɗaya ne na sefa, muka tashi shida da rabi bayan direba ya cusa mu biyar-biyar a kujerar mutum huɗu.

A gadar Dibamba muka tarar da shingen farko. Tun da aka fara rikici haka ake yi: kowa ya sauko, ya ɗaga katinsa, ya taka da ƙafa ya wuce. Wani jandarma ya buɗe zabirata, ya ga asake shida da ƙahoni jere.

"C'est quoi ça, Magida?" Wai mene ne wannan.

Na ce, "Asibiti ne, shef."

Ya juya ƙaho ɗaya, ya leƙa cikinsa, sai ya rage murya ya ce bayansa na damunsa saboda tsayuwa, yana maganin wannan? Na ce ya neme ni New Bell. Muka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Wata mata mai goyo da ke zaune kusa da ni, da Turancin Pijin take magana, ta ce katinta ya ƙone tare da gidanta. Aka zaunar da ita a benci. Direba ya jira minti goma, ya sauke mata jakarta, ya ce, "On va faire comment?" wato ya za a yi, muka tafi muka bar ta. Muka isa Edea takwas da kwata, kilomita sittin da 'yan kai.

EDEA ZUWA MOUANKO

A Edea na fara ganin kogin Sanaga, jajawur, yana tafe da ƙarfi a ƙarƙashin tsohuwar gadar ƙarfe da Jamusawa suka kafa. Na tsaya ina kallonta, na ce watakila kakanmu ma ya taka ta da zabirarsa. Daga nan babu babbar mota, sai wata tsohuwar ƙaramar mota da aka ɗaure ƙofarta da igiya. Jaka biyu da rabi, mutum takwas, har da wanda ya raba kujera da direba. Muka bar kwalta muka hau jar ƙasa ta Dizangue, itatuwan roba a jere dama da hagu kowanne da ɗan kofinsa a ƙugu, bayansu kwakwar manja har iyakar gani. Shinge biyu muka ƙara wucewa. Ƙarfe ɗaya saura muka shiga Mouanko, kowa ya yi ja har gashin ido.

An kwatanta mini kantin Alhaji Hamadu, Bafulatanin Garoua da ya shekara ashirin a garin. Ya karɓe ni da Hausarsa ta 'yan kasuwa.

"Malam wanzam, ka zo lafiya? Mi ya kawo ka ƙarshen duniya?"

Na gaya masa. Ya ce ya ji labarin wani mai ƙaho a cikin masunta, amma bai taɓa shigowa gari ba, ko sallar idi. Wannan maganar ta dame ni, don Sabo ko da zazzaɓi ba ya barin jam'i.

Bayan la'asar ya kai ni bakin kogi. Ƙasar da muke takawa fara ce tana ƙaras-ƙaras, ashe ɓawo ne na wani naman ruwa mai kama da ƙumba da suke kira besona. Maza ke nutsewa ƙasan kogi su kwaso shi, mata su dafa, su tsire shi a tsinke su kyafe. Ɓawon kuwa an tara shi tsibi-tsibi, wani ya fi ɗaki tsawo, tun na kakanni. Aka miƙo mini tsinke ɗaya ina jujjuya shi. Alhaji ya ce, "Ci, Malam. Mu Malikiyya ne, abin da ke cikin ruwa bai da laifi." Na ci biyar.

Kogin a nan ya buɗe, da kyar ake gane mutum a ɗaya gaɓar, kuma a can ɗin daji ne baƙi ƙirin ya taso tun daga bakin ruwa. Alhaji ya ce tun zamanin Faransawa aka keɓe shi aka hana farauta, kwanan baya kuma gwamnati ta mai da shi cikakken gandu, ta haɗa har da bakin tekun. Akwai tabki a ciki, Tissongo, akwai birai iri-iri, tsofaffi na cewa da sauran giwaye. Can sama da kogi kuma akwai tsohon cocin Jamusawa a kan tudu. Muna tsaye sai garken aku ya taso daga dajin zai ƙetare, masu jan wutsiya, suna ihu. Ni da na san aku ɗaya-ɗaya a keji a ƙofar masu kuɗin unguwar Bonamoussadi, sai ga su sun fi ƙarfin ƙirge. Ban san lokacin da na ce subhanallahi ba. A shagon Alhaji na kwana a kan buhunan shinkafa, bai karɓi ko sisi ba.

LARABA: YOYO

Bakwai na safe na hau babur, jaka ɗaya da rabi, tafiyar wajen kilomita ashirin cikin yashi da gadojin katako. A mashigar gandu masu gadin daji suka rubuta sunana, suka ce in zan dawo kada a gan ni da nama ko ƙwai. Tun kafin mu isa nake jin wani ruri, na ɗauka injin nika ne. Muka fito daga cikin kwakwa, sai ga teku.

A Douala aka haife ni, kuma in an tambaye ni sai in ce garinmu bakin teku ne. Ashe ƙarya nake yi ban sani ba. Abin da muke gani a gadar Wouri kogi ne mai jiragen kaya. Wannan kuwa ba shi da ɗaya gaɓar. Rairayi ya miƙe dama har ya ɓace, ya miƙe hagu har ya ɓace, ruwa na tasowa ya naɗe ya faɗi, ya ja baya, ya sake, ba wanda ya sa shi ba mai hana shi. Na ji tsoro, na kuma ji daɗi, sai na zauna a kan rairayin. Mai babur ya ce, "Magida, ba ka biya ni ba tukuna."

Garin masunta ne, bukkoki da rumfunan bandar kifi, hayaƙi ko'ina. Akwai 'yan ƙasa Malimba, akwai 'yan Najeriya, 'yan Ghana, 'yan Benin. Da na ce ina neman mai ƙaho, mutum uku suka ɗaga riga suka nuna mini bayansu, kuma duk hannu ɗaya ne. Suka ce ba a nan yake kwana ba, yana wani zango cikin rafukan baya, wurin wani tsoho Pa Ebonge, kuma ga tsohon can yana ɗinkin koma.

Pa Ebonge baƙi ne siriri, gashinsa fari fat, Bamalimbe. Ya dube ni sama da ƙasa ya daɗe, sannan ya ce da Pijin, "Na your nose e carry." Wai hancina ne a fuskar mutumin. Na ce to mu tafi. Ya ce sai ruwa ya zo. Na duba agogo, tara da rabi, rana tarwai, kwalekwale ga shi, mutum ga shi zaune yana ɗinki. Na ce nawa yake so? Ya ce ba maganar kuɗi ba ce. Nan fa raina ya ɓaci, na zazzaga masa Faransanci, na ce shekara biyu muna kuka shi yana ce mini ruwa. Ya tashi ya ja ni bayan bukkoki ya nuna mini rafin da za mu bi. Babu rafi. Taɓo ne baƙi, da ƙaguwa na yawo a kai. Ya ce, "Sau biyu a rana yake zuwa, sau biyu yake tafiya. Agogonka bai san shi ba." Na ji kunya na ba shi haƙuri.

Don in kashe lokaci na bi gaɓa da ƙafa. Can na ga wani sawu ya fito daga ruwa ya haura tudu ya koma, faɗinsa ya kai na amalanke. Wata mata mai tsintar itace ta ce kififiyar teku ce ta zo ta binne ƙwai. Ta ce a wannan rairayin aka ƙyanƙyashe ta, ta tafi ta yi shekaru a cikin teku, da lokacin haihuwarta ya yi ta dawo daidai inda ta fito. An kewaye ramin da sanduna don kada a tona. Na tsaya a kan sawun nan ina mamakin wanda ya nuna mata hanya.

Da azahar na ajiye takalmana a busasshen yashi, na matsa na yi alwala da ruwan gishiri, na haura tudu na ba teku baya na ta da salla. Allah ya sa zabira na rataye da ni. Ina sallamewa na waiga, inda na bar takalma ruwa ne ke wasa. Takalman fata ne da na saya don sallar layya. Masunta suka yi ta dariya, ɗaya ya ce aƙalla yanzu na yarda ruwan ya zo. Pa Ebonge ya miƙo mini silifas ɗaya shuɗi ɗaya ja, ya ce in shiga jirgi.

CIKIN MATANDA

Ƙarfe biyu da kwata muka shiga rafin da ɗazu babu shi. Itacen wurin matanda suke kiransa. Na san shi a guntaye, jan icen nan da masu tsire ke saya a New Bell, ban taɓa tambayar inda yake fitowa ba. Ashe a cikin ruwan gishiri yake tsaye, a kan saiwoyi da suka fi mutum tsawo, sun lanƙwaso sun sarƙe da juna, wasu kuma sun sauko tun daga rassa suna neman ruwa. Gangar jikin ta miƙe sama ta wuce hasumiyar masallacinmu. Da muka yi nisa rassan suka haɗe a kanmu, rana ta koma ɗigo-ɗigo, rurin teku ya ɗauke. Ba ka jin komai sai filafilin Pa Ebonge da wani ƙas-ƙas daga cikin saiwoyi. Ni mai surutu ne, duk wanda ya zauna a bencina ya sani, amma a wurin nan na kasa ɗaga murya.

Na ga kifi ya fito daga ruwa yana tafiya a kan saiwa da ƙirjinsa, idanu a tsakar ka. Na ga biri mai farin hanci ya leƙo ya koma. Inda rafin ya buɗe, kwasakwasa ne zaune a kan wani mataccen itace ba su ko kula mu ba. Pa Ebonge ya ce duk kifin da ake ci a Douala a cikin saiwoyin nan yake yin ƙuruciyarsa, kuma su ne ke riƙe ƙasa, duk inda aka sare su teku na shigowa ta cinye gari. Ya nuna mini wani gefe da aka sare, kututture kawai cikin taɓo. Ya ce, "Mu ne. Kifi sai da hayaƙi, hayaƙi sai da ice. Yanzu masu gadi sun sa muna dasa wani."

Can sai ya tsai da filafili ya ɗora yatsa a baki. Ruwa ya yi wani kumburi kusa da mu, hanci ya ɓullo, faffaɗa mai gashi, ya ja numfashi irin na mutum mai barci, ya nutse. Bayansa ya biyo, toka-toka, tsawonsa ya kusa na jirginmu, ga wani ƙarami manne a gefensa. Ayu! Tun ina yaro nake ganin masu magani na sayar da man ayu a 'yar kwalba, har na ɗauka sunan tatsuniya ne. Ga shi Allah ya nuna mini shi da ransa yana kiwon ɗansa. Hawaye ya zo mini ban san na mene ne ba.

Huɗu saura muka iso zangon: bukka biyar a kan tudun yashi, rumfar banda ɗaya. A gindin wata kwakwa wani mutum ya ba mu baya, ya sunkuya kan wani masunci yana yi masa aski. Ban ga fuskarsa ba, gwiwar hannun hagu na gani a sama. Na diro cikin ruwa har cinya.

"Sabo!"

Bai juyo nan take ba. Sai da ya gama layin da ya ɗauko, ya goge aska a tafin hannu, ya naɗe ta. Sannan ya juyo. Ya rame, gemu ya yi furfura, ƙanena da na girma da shekara bakwai.

Ya ce, "Yaya." Sai kuma, "Inna fa?"

Na ce, "Tana raye, ba don kai ba."

Na yi niyyar rungumarsa, amma abin da ya fito daga bakina faɗa ne. Na ce ko saƙo, Sabo? Ko saƙo? Ya bar ni na gama. Muka yi la'asar tare, aka kawo gasasshen kifi da bobolo, tuwon rogon nan da ake naɗewa a ganye, sannan ya yi magana, kansa a ƙasa. 'Yan bindiga ne suka ɗauke shi daga kasuwa, don sun ji ya iya tsai da jini. Wata takwas yana daji yana wanke musu rauni. Sun karɓe katinsa da wayarsa. Da ya samu ya kuɓuta, jirgin masunta ya ɓoye shi, daga wannan zango zuwa wancan har ya faɗo hannun Pa Ebonge.

Ya ce, "An ga fuskata tare da su, Yaya. Shinge nawa ka wuce kafin ka zo?"

Na ce uku.

"Ba kati, ga wannan tarihi. In aka riƙe ni, ba ni kaɗai ba ne, har gida za a bi. Saƙo kuma ta bakin mutum yake bi, ka san New Bell. Na ga gara ku ɗauka na mutu."

Na tuna matar nan mai goyo a kan benci. Duk da haka na ce ya shirya gobe mu tafi. Ya ce ba zai taka hanya ba. Na ce Inna ba ta cin abinci. Ya tashi ya tafi bakin ruwa ya tsaya har aka yi magariba.

ALHAMIS: TA RUWA ZUWA YOUPWE

Da safe Pa Ebonge ne ya raba gardamar. Ya ce yau zai kai bandar kifi Youpwe, mashigar masunta ta Douala, da babban jirginsa mai inji. Ma'aikacin jirgi in bai taka ƙasa ba, ba a cika tambayarsa takarda ba. Amma da cikar ruwa zai shiga, kuma kafin ya janye zai fito, awa ɗaya da rabi, ba ƙari. Sabo ya dube ni ya ce, "Rakiya ce kawai, Yaya. Ba zan sauka ba." Na ce na ji.

Sha ɗaya saura muka tashi, kwanduna goma sha biyu, mu uku da matuƙi. Muka bi rafuka muka fito wani makeken ruwa inda koguna ke haɗuwa da teku. A tsibirin Manoka Pa Ebonge ya nuna mini wani tsohon gini dogo da ya tsage, ruwa na dukan gindinsa. Ya ce kurkukun Turawan mulki ne, da can yana cikin tudu, teku ce ta biyo shi. Sai gajimare ya yaye ta yamma, dutsen Kamaru ya bayyana, shuɗi, kansa a sama da girgije, girmansa ya sa duk abin da ke ƙasa ya zama wasan yara. Sabo ya daɗe yana kallonsa, don ta bayan dutsen nan ya gudo.

Ƙarfe uku da minti biyar muka shiga Youpwe. Jirage sun cika mashigar, namu ya tsaya na biyar daga gaɓa. Sabo ya ja hular kaba ya zauna tsakanin kwanduna. Na bi ta kan jiragen mutane na dira ƙasa, na tare bensikin na ce New Bell, in ya kai ni cikin minti ashirin zan ninka masa. Ya kai ni cikin sha takwas, na karanta duk abin da na haddace a hanya.

Inna na kwance a tsakar gida. Na durƙusa da silifas ɗina kala biyu na ce, "Inna, ba Edea na tsaya ba. Sabo na Youpwe cikin jirgi. Ba zai iya sauka ba, kuma ruwa zai tafi da shi." Ban taɓa ganin ta tashi ba tare da dafa bango ba sai ran nan. Mayafi kawai ta ja. Muka ɗauki tasi, cunkoso ya riƙe mu a mararraba har ina jin kamar in ɗauke ta a ka in ruga. Huɗu da minti goma muka iso, gefen gaɓa har ya fara nuna taɓo.

Matar da ta shekara sittin a Douala ba ta taɓa sa ƙafa a jirgin ruwa ba. Matan da ke sayen kifi suka ga tsohuwa na neman hawa, suka tambaya, na ce ɗanta ne a can. Ba su ƙara tambaya ba. Wata ƙatuwa ta ɗaga ta cak ta miƙa wa na cikin jirgin farko, su kuma suka miƙa ta gaba, hannu zuwa hannu, ana ce mata, "Ashia, Mama, ashia," wato sannu, har jirgi na biyar.

Sabo ya zube a gabanta cikin ruwan kifi. Ta cire masa hular, ta shafa kansa, ta shafa gemun, ta kama kunnensa ta riƙe. Ba ta yi kuka ba, shi ne ya yi. Na ji tana cewa, "Ka rame. Wa ke dafa maka?" Abin da suka faɗa bayan wannan ban ji ba, na koma bakin jirgi na ba su wuri. Minti ashirin da biyar suka samu. Pa Ebonge ya tsoma sanda a ruwa ya duba, ya sake tsomawa, sannan ya ce da ni a hankali, "Wata di go." Ruwa na tafiya.

Na gaya wa Inna. Ta dubi tsohon ta ce in tambaye shi, ruwan nan in ya tafi yaushe yake dawowa? Ya ce kullum, sau biyu.

Ta juya ga Sabo, har yanzu kunnensa na hannunta. "Ka ji. Ni ban ce kullum ba. Duk wata, in ya kawo kifinsa, ka biyo shi. Zan zo nan in same ka."

Ya ce, "To, Inna."

Aka sake miƙo ta hannu zuwa hannu har gaɓa. Muka tsaya muna kallo jirgin ya ja baya, ya juya, ya shige bayan matanda. Ba ta motsa ba sai da wurin da ya tsaya ya zama taɓo.

Shida saura kwata muka shiga gida. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Alhaji Hamadu, da Pa Ebonge da na yi wa rashin kunya ya rama mini da alheri, da matan Youpwe da ban san sunan ko ɗaya ba. Maƙwabta suka leƙo suna tambayar ina muka je da tsohuwa haka. Inna ta ce, "Kifi muka je gani." Sannan ta zauna a kan tabarma, ta kira matata ta ce a zubo mata tuwo, a cika kwanon.